Yadda Ake Zaɓen Bakin Busa na Begila da Sauran Ƙahonin Tagulla

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin fareti ranar 1 ga watan Oktoba, ko ranar yaye sababbin sojoji ko 'yan sanda, ya ga yadda 'yan badujala ke shigowa sahu-sahu, ƙahoninsu na ƙyalli cikin rana. Abin da ido ya fi gani shi ne manyan ƙahonin, wanda ya naɗe kamar maciji da wanda bakinsa ya yi faɗin faifai. Amma in ka tambayi mabusan kansu abin da suka fi ji da shi a cikin kayan aikinsu, sai ka ga mutum ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙarfe wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Shi ne bakin busa, watau ɗan ƙoƙon nan da ake sanyawa a kan ƙaho, wanda leɓɓan mabushi ke zama a kansa. Ƙaho yana iya zama na hukuma, a ajiye shi a sito bayan an tashi aiki, amma bakin busa yakan bi mai shi har gida.

Wannan magana ta shafi ɗaliban da ke cikin ƙungiyoyin badujala na makarantu, ta kuma shafi ma'aikatan da ake ɗora wa nauyin sayo musu kaya. Domin kuwa bakin busa da bai dace ba yana iya sa yaro mai hazaƙa ya fid da rai daga koyo, yana kuma iya ji wa ƙwararre raunin da zai raba shi da sana'arsa.

Inda murya take fitowa

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa ƙahon tagulla ba shi da wani abu a cikinsa da ke yin ƙara. Algaita tana da ɗan kara a bakinta wanda iska ke kaɗawa. Begila kuwa, da tirampet, da tirambon, da babban ƙahon nan da Turawa ke kira tuba, duk bututu ne kawai. Leɓɓan mabushi su ne ke karkarwa, suna buɗewa suna rufewa, suna sakin iska kaɗan-kaɗan cikin bututun, bututun kuma ya zaɓi muryar da ta dace da tsawonsa ya ƙarfafa ta. Muryar da ƙungiyoyin kiɗa na Turai ke daidaita kayansu da ita tana bukatar leɓe ya buɗe ya rufe sau 440 a cikin daƙiƙa guda. Idan mai tirampet ya hau sama sosai, adadin yakan wuce sau 900. Tsawon bututun tirampet in an miƙe shi ya kusa mita ɗaya da rabi, na tirambon ya kusa mita uku, na babbar tuba kuwa ya haura mita biyar. Gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon kaurin murya, kuma gwargwadon faɗin bakin busan da yake bukata.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakakin da ake busa wa sarakuna da irin wannan hanya yake aiki, haka nan famfami da ƙahon mafarauta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a matsayin sarkin da aka fara busa wa kakaki a Kano. Bambancin shi ne maƙerin kakaki yakan ƙera bakinsa tare da jikinsa, kuma muryoyi biyu zuwa uku sun isa a yi wa sarki kirari da su. Ƙahon Turawa kuwa, tun da aka ƙago masa bawul a ƙasar Jamus wajen 1814, ana so ya fitar da muryoyi fiye da talatin, daga ƙasa har sama, kuma bakinsa a rabe yake da jikinsa, don kowane mabushi ya nemi wanda ya dace da leɓɓansa.

Akwai wani labari da ke nuna girman aikin wannan ɗan ƙarfe. A 1922 ne Bature Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, a ciki kuwa aka sami ƙahoni biyu, ɗaya na azurfa, ɗaya na tagulla, waɗanda suka shekara fiye da 3,000. Ba su da ƙoƙo a baki, sai dai ɗan zobe. A watan Afrilu na 1939 gidan rediyon BBC ya sa wani sojan badujala na Ingila mai suna James Tappern ya busa su a birnin Alƙahira, duniya tana saurare. Kafin ya busa sai da ya cusa musu bakin busa irin na zamani. Saboda haka muryar da mutane suka ji a ranar ba ita ce ainihin wadda sojojin Fir'auna suka ji ba, domin bakin da aka sa ya ba ƙahonin muryoyin da ba su da su a da.

Sassan bakin busa

In ka ɗauki bakin busa ka duba, za ka ga sassa huɗu, kuma kowanne da abin da yake jawowa.

Na farko shi ne gammo, watau da'irar da leɓe ke zama a kai. Gammo mai faɗi yana da daɗin zama, yana rarraba nauyi, mabushi ya daɗe bai gaji ba, amma yana riƙe leɓe, ya hana shi saurin tsallakawa daga wata murya zuwa wata. Siririn gammo yana sakin leɓe ya yi yadda yake so, sai dai in mutum mai danna ƙaho ne da ƙarfi, yana iya yanka shi. Haka kuma gefen gammon na ciki, in yana da ɗan kaifi murya takan fito tsaf tun daga farkonta, in kuwa an goge shi ya yi sumul, ya fi taushi amma farkon muryar yakan yi ɗan duhu.

Na biyu shi ne ƙoƙo. Abu biyu ake dubawa a nan, faɗinsa da zurfinsa. Ƙoƙo mai faɗi yana barin leɓe mai yawa ya yi karkarwa, murya ta fito da kauri da cika, amma yana cin ƙarfin tsokar baki. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da murya mai taushi, marar zurfi kuwa yana ba da murya mai kaifi wadda ke ratsa taro, yana kuma sauƙaƙa daɗewa a muryoyin sama. Siffar ƙoƙon ma ta bambanta. Na tirampet kamar ƙwarya yake, na ƙahon da ake kira ƙahon Faransa kuwa kamar mazurari, shi ya sa muryarsa take da laushi.

Na uku shi ne maƙogwaro, ɗan ramin da ke gindin ƙoƙo. A yawancin bakunan tirampet faɗinsa milimita 3.66 ne. In aka ƙara masa faɗi iska takan wuce da yawa, murya ta ƙara girma, amma numfashi ya riƙa ƙarewa da wuri. In ya matse, mabushi zai ji kamar yana tura ƙofa, muryar ta yi haske amma ta rasa cika.

Na huɗu shi ne wutsiya, wadda ake cusawa cikin ƙaho. Ramin cikinta yana buɗewa sannu a hankali daga maƙogwaro, kuma yadda ya buɗe yana shafar daidaiton muryoyin sama da na ƙasa. Kaurinta na waje kuwa shi ne abin da masu sayen kaya suka fi yin kuskure a kai. Wutsiyar bakin tirampet ba ta shiga konet, ko da yake ƙahonin biyu sun yi kama. Tirambon ma iri biyu ne, mai ƙaramar wutsiya da mai babba. Wanda ya yi odar baki goma sha biyu bai duba wannan ba, yana iya buɗe kwali ya tarar ko ɗaya bai zauna ba.

Masana kimiyyar sauti, irin su Arthur Benade na Amurka wanda ya yi rubuce-rubuce a kan wannan a shekarun 1970, sun bayyana cewa ƙoƙo da maƙogwaro tare suna da tasu murya ta kansu, kamar yadda kwalba ke ƙara in an busa bakinta. Kowa yana iya jin ta, in ya buga gammon a tafin hannunsa zai ji wani ɗan sauti ya fito. Wannan murya ita ce ke ƙarfafa wani sashe na muryoyin ƙaho, kuma ita da buɗaɗɗen bakin ƙahon na gaba su ne ke jera muryoyin bututu su zauna daidai yadda kunne ke so.

Lambobi da haruffa

A jikin kowane bakin busa akwai lamba da harafi da aka buga. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan tsari shi ne Vincent Bach, wanda aka haifa a 1890 kusa da birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ya yi karatun injiniya, ya kuma ƙware a busa. Ya ƙaura Amurka a 1914, ya yi aiki da babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Boston. An ba da labari cewa wani mai gyara ne ya lalata masa bakin busansa a kan hanyar tafiya, ya nemi madadinsa ya rasa, wannan ya sa ya shiga ƙera nasa. A 1918 ya fara sana'ar a birnin New York, a 1924 ya fara ƙera ƙahonin kansu, a 1961 ya sayar da kamfanin ga Selmer, ya rasu a 1976.

A tsarin Bach, lamba tana nuna faɗin ƙoƙo, amma a juye: ƙaramar lamba ita ce mai faɗi. Harafi kuma yana nuna zurfi, daga A mai zurfi ƙwarai zuwa F wanda kusan ba shi da zurfi, C kuwa yana tsakiya. Bakin da aka fi sani a duniya shi ne 7C, mai faɗin milimita 16.20, wanda akan samu a cikin akwatin sababbin ƙahoni masu yawa. Daga shi mutane da dama sukan koma 5C ko 3C, mai milimita 16.30, masu busa a manyan ƙungiyoyi kuwa da yawansu suna amfani da 1½C, mai milimita 17. Mai karatu zai lura cewa tsakanin bakin ɗan koyo da na ƙwararre bai kai milimita guda ba. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma leɓe yana jin sa nan take. A tirambon kuwa, akan fara da 12C mai milimita 24.50 ko 6½AL mai milimita 25.40, bakin tuba kuma ya haura milimita 30.

Sai dai ba kowane maƙeri ne ya bi wannan tsari ba. Renold Schilke, wanda ya yi busa a ƙungiyar birnin Chicago ya kuma kafa kamfaninsa a 1956, nasa lissafin a miƙe yake, babbar lamba ita ce mai faɗi, kuma A nasa shi ne marar zurfi. Kamfanin Yamaha na Japan, wanda Schilke ya yi wa aikin ba da shawara, irin wannan lissafi yake bi, shi ya sa 11B4 na Yamaha ya yi kusa da 7C na Bach ko da yake lambobin ba su yi kama ba. A Ingila kuma Denis Wick, wanda ya shugabanci masu tirambon a ƙungiyar London Symphony daga 1957 zuwa 1988, ya fara ƙera nasa a 1968 da nasa lambobin. Abin da ke nan shi ne, lamba ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da sunan maƙerinta. Akawun da ya rubuta lamba 14 kawai a takardar oda bai faɗi kome ba tukuna.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

To, wane baki ne ya fi kyau? Babu amsa guda. Haƙoran mutane sun bambanta, haka muƙamuƙinsu da leɓɓansu da ƙarfin numfashinsu. Ko a kan inda za a ɗora bakin ma malamai sun saɓa. Jean-Baptiste Arban na Faransa, wanda littafinsa na koyar da busa ya fito a 1864 kuma har yau ana karatu da shi, ya fi son kashi biyu cikin uku na bakin ya zauna a leɓen ƙasa. Masu busa ƙahon Faransa kuwa akasin haka ake koya musu, kashi biyu a leɓen sama.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wai mai kaurin leɓe dole sai baki mai faɗi, har wadansu suna cewa baƙar fata ba zai iya muryoyin sama ba. Tarihi ya ƙaryata wannan. Louis Armstrong na Amurka, wanda ya ziyarci Gana a 1956 da Nijeriya a 1960, muryoyin sama na daga cikin abin da ya ɗaukaka shi. E. T. Mensah na Gana, da Victor Olaiya na Nijeriya, da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, duk da ƙaho suka yi suna. Sashen leɓen da ke karkarwa a cikin ƙoƙo ɗan kaɗan ne, ba a kuma gane abin da ya dace da mutum ta hanyar kallon fuskarsa. Sai an gwada.

Abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓe shi ne aikin da za a yi. Mai begila a fareti, wanda zai yi awa biyu a tsaye cikin rana yana busa a fili, yana bukatar gammo mai daɗin zama da ƙoƙo matsakaici. Mai konet a ƙungiyar da ke busa a zaure yana bukatar ƙoƙo mai zurfi don muryarsa ta gauraya da ta 'yan'uwansa. Mai jan gaba a ƙungiyar rawa, wanda aikinsa hawa sama ne dare guda cur, shi ne ke da hujjar neman marar zurfi. Ɗan koyo kuwa, abin da malamai suka fi yarda da shi shi ne ya fara da matsakaici, ya zauna a kansa shekara ɗaya ko biyu har tsokar bakinsa ta ƙosa.

Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne neman gajeriyar hanya. Yaro ya ji wani yana hawa sama, sai ya tambayi lambar bakinsa, ya je ya sayo irinsa, yana zaton sirrin a ƙarfen yake. Mako na farko zai ji kamar ya samu, domin sabon gammo ya zauna a wurin da bai gaji ba. Bayan mako biyu ko uku sai tsohuwar matsalar ta dawo, ga kuma muryar ƙasa ta tsuke. Daga nan sai ya soma danna ƙaho a leɓensa da ƙarfin hannu, nan kuwa haɗarin yake.

Raunin leɓe ba abin wasa ba ne. Armstrong kansa ya sha fama da tsagewar leɓe, har a tsakiyar shekarun 1930 ya ajiye ƙaho na watanni. A 1982 wani likitan fiɗa na ƙasar Sifen mai suna Jaime Planas ya yi bayanin yagewar tsokar da ta kewaye baki a wurin masu busa, ya raɗa wa ciwon laƙabin Armstrong, watau Satchmo. Freddie Hubbard, ɗaya daga cikin gwanayen tirampet na Amurka, leɓensa na sama ya tsage a 1992, ciwon ya ruɓa, kuma har ya rasu a 2008 busarsa ba ta koma yadda take ba. In wannan ya sami gwanaye, ina ga yaro ɗan aji biyu wanda aka miƙa wa bakin da ya rage a akwati?

Yadda ake gwaji

Wanda ya yi niyyar sauya baki, ya fara tambayar kansa abin da yake nema: daɗin zama, ko cikar murya, ko juriya. Sa'an nan ya tafi da ƙahonsa na kullum, ya tafi da malaminsa ko abokin aiki mai kunne, domin abin da mabushi ke ji a bayan ƙaho dabam yake da abin da ke isa ga mai saurare. Ya ɗumama leɓensa da tsohon bakinsa tukuna. Kada ya gwada fiye da uku a zama guda, don leɓe yakan rikice. Ya sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, in faɗi ne faɗi, in zurfi ne zurfi. Ya busa a hankali ya busa da ƙarfi, ya sauka ƙasa ya hau sama, ya ja murya guda ya ji ko tana tsayawa. Bayan ya zaɓa, ya ba shi mako uku ko huɗu kafin ya yanke hukunci. Kuma kada ya sauya baki ana gobe fareti ko jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙarfe da tsabta

Yawancin bakunan busa da tagulla ake yin su, watau gamin jan ƙarfe da tutiya, sau da yawa da 'yar dalma a ciki don ya yi sauƙin sassaƙa a inji. Daga nan sai a yi musu ruwan azurfa, wadansu kuma a ƙara na zinariya, wanda ya fi santsi a leɓe. Wannan rufi shi ne katanga tsakanin bakin mutum da tagullar. Saboda haka duk bakin da azurfarsa ta goge har launin rawaya ya bayyana a gammo, a daina amfani da shi sai an sake masa ruwa. Wanda fatarsa ba ta jure ƙarfe yana iya neman na roba mai tauri ko na baƙin ƙarfe marar tsatsa. Na roba yana da wani amfanin kuma, ba ya ɗaukar sanyi da asuba, ba ya kuma ɗaukar zafi in ya daɗe a rana.

A wanke baki da ruwan ɗumi da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako, a zura ɗan buroshi ta maƙogwaro, domin dauɗar da ta taru a nan tana rage faɗinsa ta sauya murya. A 2010 wata mujallar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da labarin wani mai tirambon da ya shekara da shekaru yana tari, aka gano ƙwayoyin cuta da fumfunar da ke cikin ƙahonsa ne sanadi, ya kuma sami sauƙi da ya soma wanke shi. A lokacin hunturu, sa'ad da leɓe ke fashewa, a riƙa shafa man kaɗanya bayan an gama busa, a kuma huta in an ga jini. Wajen sanyawa, a murɗa baki a hankali, kada a buga shi da tafin hannu. In ya maƙale, kada a kama shi da filaya, akwai ƙarfe na musamman da masu gyara ke cire shi da shi.

Ga masu sayen kaya

Ga ma'aikatan da ke shirya takardun kwangila na makarantu da ƙungiyoyi, shawara ita ce a tuntuɓi malamin busa kafin a rubuta oda, a rubuta sunan maƙeri da lamba da irin wutsiya, a kuma duba kaya da kyau in sun iso, domin akwai jabu a kasuwa masu ɗauke da lambar 7C waɗanda awonsu bai yi daidai da na ainihi ba. Abu mafi muhimmanci, a sayi baki fiye da yawan ƙahoni. In makaranta tana da ƙaho goma da ɗalibai talatin, ƙaho goma suna iya isa a yi karɓa-karɓa, amma baki talatin ake bukata, kowane yaro da nasa. Kuɗin baki guda kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin ƙaho, kuma da shi ake kare yara daga ƙurajen baki da mura da ke bin ƙarfe daga wannan zuwa wancan. Yaron da ke da nasa yana iya tafiya da shi gida lokacin hutu, ya riƙa busa shi shi kaɗai minti goma kowace rana, ya dawo makaranta leɓensa bai mutu ba.